Hannun Umma

Ina aji huɗu a makarantarmu ta unguwar Parkchester, nan ƙasar Turawa, lokacin da wata malama, jikar mutanen Ayalan, ta tara iyayenmu Hausawa bayan an tashi. Ta ce a ƙasar kakanninta harshensu ya kusa mutuwa, amma yanzu iyaye rububin sa yara suke yi a makarantun da ake koyarwa da shi. Idan ta ga za a samu yara da yawa baɗi, za ta nemo mana ajin Hausa.

Ɗakin a cike yake. Ta ce mai so ya ɗaga hannu.

Umma ta ɗaga. Da na waiwaya, ita kaɗai ce.

Alhaji Sabo ne zaune kusa da mu, dattijon da kowace Juma'a yake ƙorafin yaran yanzu, wai ana yi musu Hausa suna amsawa da Turanci. Goro yake ci, yana tofar da jan yawu a kofin takarda. Ya ranƙwafo har warin ya doke ni.

"Hajiya, sauke hannunki, kina ba mu kunya. Wa ya tsallako teku don ya koyi Hausa?"

Maza suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Umma ba ta sauke ba sai da malamar ta yi mata godiya ta sallame mu. Ba a buɗe ajin ba.

Kwanan baya, bayan shekaru masu yawa, ina tare da 'yata na haɗu da Alhaji Sabo a jirgin ƙasa. Ya yatsine fuska, wai me ya sa 'yata ba ta iya gaisuwa da Hausa ba. Na ja hannunta muka sauka a tashar da ba tamu ba.