Bishiyoyin da Ba Sa Girma

A ƙasa ya tarar da wayar jan ƙarfen, an yanka ta gutsi-gutsi.

Musaddiq ya tsaya a ƙofar rufin bene da galan ɗin ruwa a hannu, yana kallon 'yar magaryarsa. Jiya-jiyan nan fa ya gama naɗe mata rassa. Yau ko zagaye ɗaya babu a jikinta.

Na san wani zai ce wace irin magarya ce kuma a saman bene. Bonsai sunan abin. Bishiya ce ta gaske, sai dai a 'yar tasa marar zurfi ake sa ta, ana datse mata saiwa, ana naɗe rassan da waya a lanƙwasa su yadda ake so. Sai ta tsufa tukuf ba ta wuce kamu ɗaya ba. A jawwal, wato wayar hannu, ya koya, ba wanda ya koya masa. Gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yake yi a wani sito a Khumra ta Jidda, shi ya sa wayar jan ƙarfe ba ta yi masa wuya, kuma ruwan da ke ɗiga daga na gidansa yake tara wa bishiyoyinsa. Shekarar da matarsa Zakiyya ta yi ɓari ya fara da magaryar, don in ya zauna a ɗaki tunani yake yi. Da abin ya sake faruwa ya ƙara tsamiya. Shi dai ya samu inda zai sa hannunsa.

To ya ce ko yara ne. Ya sake naɗewa. Aka sake yankewa.

Akwai wani reshe da ya feɗe wa ɓawo, ya ƙunshe wurin da jiƙaƙƙiyar ƙasa cikin baƙar leda ya ɗaure tamau, don ya fitar da saiwa a samu sabuwar bishiya. Ranar nan ya hau ya ga an farke ƙunshin, an tone shi kamar ana neman wani abu a ciki. An barbaɗa gishiri a kewaye da tasoshin. Ƙasar a jiƙe, da wani koren kumfa a kai. Ya shinshina. Dakakken ganyen magarya ne.

Ko jariri ya san sihiri ake karyawa da wannan haɗin. Ya ja da baya ya kalli kayansa da idon wani: ƙulle-ƙulle, baƙar leda, bishiyoyin da aka hana girma. Wallahi shi kansa sai da tsigar jikinsa ta tashi.

Ya sauka wajen Baba Lado, mai gadin ginin, tsoho haihuwar Jidda.

"Ya waladi, ni ban taɓa maka komai ba," in ji tsohon, yana waige-waige. "Bas ka sani, nan ba a wasa da zancen sihiri. Mutum ɗaya ya ɗaga jawwal ya kira hukuma, halas. Ƙwace maka iƙama, takardar zamanka, ma ita ce ƙaramar magana."

Ban da shi da Baba Lado, mutum ɗaya ne ke da makullin saman: Nayef, maƙwabcinsa mai kiwon tattabaru. Kuma kwanan nan Nayef in an gaishe shi kai kawai yake ɗagawa.

Daga ranar Musaddiq ya daina zama mutum. Mota ta tsaya a layinsu na Kurayyat, sai ya leƙa ta taga. Kafilinsa, uban gidansa na aiki, ya kira shi ofis, ya je yana zaton an kai ƙararsa, ashe wani mukayyif ne ke yoyo. Ya yi tunanin ya zubar da su duka a bola, sai ya ga ai in an gan shi yana fita da su ya tabbatar da zargin ke nan.

Bai gaya wa Zakiyya ba. Ita ma ba daɗi take ji ba, abinci sai ta tsakura ta ture, ta koma kwana a falo wai sanyin ɗaki ya yi mata yawa. In ya shigo ba ta ji motsinsa ba har zabura take yi. Ya ce lallai ta ji wani abu a wajen matan ginin tana ɓoye masa, tausayinta ya ƙara kama shi.

Dabara ɗaya ta rage. Ita ce ya kama Nayef a kai, ya nuna masa bidiyon da ya koya a ciki, ya rantse masa, tun kafin magana ta fita daga ginin. Ya naɗe magaryar da sabuwar waya, ya fita aiki kamar kullum, bayan azahar ya sulalo ya dawo ya laɓe a bayan tankin ruwa.

Rana kamar ta fasa kai. Gumi har cikin ido. Tattabaru na ta guguguu, shi kuma yana ta maimaita abin da zai faɗa da Larabci yana mantawa.

Sai ƙofa ta yi ƙara. Takun silifa, a hankali. Sannan raɗa-raɗa, ana karanta Falaƙi. A kai ƙarshen aya, sai ka ji filaya ƙyas. A sake wata aya, ƙyas.

Ya runtse ido ya yi bisimilla, ya fito da jawwal a ɗage. "Ya akhi Nayef, don Allah tsaya ka ga..."

Filayar ta faɗi. Zakiyya ta ja da baya har ta jingina da bango, yatsunta duk karcen ƙaya, ta kare cikinta da hannu biyu, cikin da shi bai ma san da shi ba.

"Biyu sun ishe ka, Yaya," ta ce. "Don girman Allah ka bar mini wannan ya girma."