Ƙyallen Mama a Kan Kwamfuta

Ranar Lahadi ce, mun taso daga coci, Baba ya zauna gaban kwamfutar da yake buga wa mutane takardu da ita a shagonsa na Kafanchan. Ya kunna wasan harbin da abokinsa ya saka masa. Da zarar harbi ya yi tsanani sai hoton ya daskare, injin ya mutu. Har sau uku.

Ya juyo ya dube ni. "Ke, wa ya taɓa?"

"Ba ni ba ce, Baba."

"Ke kaɗai ke shara a nan. Kawo hannu."

Ya juya tafukana kamar laifin yana rubuce a ciki. Ya duba wayoyi, ya zargi wuta, ya sake dawo da ido kaina. Har na fara zargin tsintsiyata.

Sai ƙauri ya taso, irin na tufar da dutsen guga ya daɗe a kai. Baba ya ɗaga ƙyallen da Mama ta yi wa ado a zumuntar mata ta coci, ta lulluɓe injin da shi saboda ƙura. Ashe ƙyallen ne ya toshe kafofin iska.

Da injin ya huce, wasan ya tafi lafiya. Na tsaya ina jira ya ba ni haƙuri.

Ya ninke ƙyallen ya ce, "Kada mamanki ta ji."

Har yau, in abu ya lalace a gabana, hannuwana nake fara dubawa.