Lambar Buromin

Ina aji huɗu a wata sakandare a Ƙaraye, ranar nan bayan azahar malamin kemistiri ya tambaya, "Wane sinadari ne mai lamba talatin da biyar?"

Na ɗaga hannu na ce, "Buromin ne, Malam."

"Kulorin ne," in ji shi.

Na gane inda ya ruɗe. Talatin da biyar da rabi nauyin kulorin ne, lambarsa kuwa sha bakwai. Ga jadawalin sinadarai manne a bango bayansa.

Na ce, "Malam, don Allah a duba jadawalin."

Ya juya ya duba. Na ga yatsansa ya tsaya a kan buromin, ya ɗan jima. Sai ya juyo ya ce, "Ke 'yar Zoza, jiya kika baro gonar gyaɗa, yau ni za ki gyara wa? Fito ki durƙusa."

Na durƙusa a gaban allo har aka tashi.

Kuskurensa bai taɓa damuna ba. Abin da har yau yake ƙona mini rai shi ne ya gani da idonsa, sannan ya bar aji guda suka rubuta kulorin a littattafansu.