Kwalin Rabin Raina

Mai aski yana tsaka da yi wa wani dattijo gyaran fuska, saƙon budurwarsa ya shigo: "Mu haƙura da juna. Kayanka suna hanya."

Ya karanta, ya mayar da wayar aljihu, ya ci gaba da aiki. Shekara uku tana kiransa Rabin Raina.

Can sai ga mai kai saƙo a babur, da kwali biyu ɗaure a baya.

"Kai ne Rabin Raina? Haka aka rubuta a jiki."

"Ni ne."

Ya buɗe kwalin da aka miƙo masa. Agogo ne da takalmi lamba arba'in da biyar. Shi arba'in yake sawa.

"Malam, wannan ba nawa ba ne."

Mai saƙon ya sosa ƙeya. "Au, na ɗaya Rabin na ba ka. Ai rabi biyu ne, maigida."

Dattijon ya leƙa kwalin, ya ce a hankali, "Ɗana, ajiye askar nan tukuna. Takalmina ne."