Tudun Jar Ƙasa a Kan Kwalta

Wata Talata bayan la'asar, ina yaro, muna dawowa daga kasuwar Mafara, ni da Baba, hannuna cikin nasa. Sai muka tarar da mazan unguwa a tsakiyar babban titin da ya ratsa gari, suna zuba jar ƙasa da shebur, suna dannewa da ƙafa. Manyan motoci sun yi layi, amma babu direban da ya danna hon.

Ƙasar jiƙaƙƙiya ce. Ƙamshinta irin wanda nake ji a rigar Baba ne duk ranar da ya dawo daga jana'iza.

Na ce, "Baba, gyaran hanya ake yi?"

Ya matse hannuna har na ji zafi. Ya ce, "Tudu ne, don mota ta rage gudu. Ba a yin shi sai ta ɗauki ran wani. Duk tudun da ka gani bisa titin ga, ɗan wani ne."

Na waiwaya. Ga su nan a jere har tasha, tuddan da nake dariya in babur ya yi tsalle da mu a kansu.

Yanzu gidana yana bakin titin, makarantar ɗiyata kuma tana tsallake. An sabunta kwalta sumul, ba a bar wa masu ƙafa ko taku ba. Jiya muna tsaye muna jiran motoci su wuce, ta ce, "Baba, mu yaushe za a yi mana tudu a ƙofar gida?"

Ban san lokacin da na rufe mata baki da hannuna ba.