Fatake Uku a Bakin Rijiya

"Riyal ɗari uku!" Lurwanu ya ɗaga murya. Dillalin haraj, kasuwar gwanjon Madina, ya miƙo masa wani tsohon zane, mutane suna ta dariya.

Bai kula su ba. Shekara tara ya yi yana aiki a shagon wani Baturke mai kayan tarihi a Jidda, ya san tsohon fenti in ya gan shi. Fatake uku ne da raƙuminsu a bakin rijiya, aikin ya haura shekara ɗari biyu.

Ya jingine shi a falon gidansu na unguwar Sih, ya tafi ofishin waya. Awa biyu layin Jidda yana yankewa. Da ƙyar ya samu Baturken, shi kuwa ya ce gobe zai zo ya ga zanen.

Ya dawo ya tarar da mahaifiyarsa tana naɗe reza a takarda.

"Inna, ina zanen?"

"Ga shi can, ya waladi, ɗana. Mala'iku ba sa shiga gidan da ke da surar abu mai rai, shi ne na gyara maka."

Ya juya. Fatake uku suna tsaye, babu mai kai.

"Raƙumin ne ya fi ba ni wahala," in ji ta.