Wayoyin Filogi Huɗu

Da Baffa ya murza makulli, motar ta tashi, amma sai ta hau karkarwa kamar mai zazzaɓi. Bututun salansa na tari, madubin gefe na rawa, warin ɗanyen fetur ya cika tsakar gida.

Jiya lafiyarta ƙalau. Shi ne ya ce sai ya sauya filogi da hannunsa kafin dillali ya kawo mai saye da ƙarfe huɗu, don a ganinsa bakanike ɓarawo ne mai riƙe da sifana. Haka yake faɗa ko a gaban yayansa marigayi, wanda ya shekara talatin yana wannan sana'a.

Motar ma ta marigayin ce. Kwana tara da rasuwarsa Baffa ya zo ya rantse cewa an ba shi ita kyauta a gadon asibiti, ba shaida sai shi da Allah. Ya kwashe takardun motar, ya sayar da akwatin kayan aikin yayansa. Da Auta, 'yar marigayin, ta buɗe baki, ya ce tela ta tsaya a kan zare da allura. Daga ranar ba ta sake ce masa komai ba sai gaisuwa. Yanzu ma tana ɗakinta, keken ɗinki na ta ƙara, yatsanta ɗaya naɗe da farin filasta.

Baffa ya leƙa injin. Bai ga inda ya kuskure ba. Marigayi yana da ɗabi'ar naɗa wa kowace wayar filogi farin filasta ya rubuta lamba, daga ɗaya zuwa huɗu. Da safe Baffa ya zare wayoyin, ya tafi kasuwa ya sayo sababbin filogi, ya dawo ya mayar da kowace a kan lambarta. Ko jariri zai iya.

Girman kai ya hana shi kiran bakanike, sai ya rubuta kukansa a zauren hirar masu motoci da ke wayarsa. Ba a yi minti biyu ba wani mai suna Tsohon Bakanike ya biyo shi da saƙo ta gefe. Hotonsa wata ƙaramar sifana ce da jan zare a wutsiya.

"Tunda da lamba ka mayar da wayoyi, kar ka sake taɓa su," in ji saƙon. "Ruwa ne a fetur. Zare tiyo ka zuƙa da baki."

Baffa ya zuƙa. Fetur ya cika masa baki har hanci, ya durƙusa yana kakari a gindin taya. Ya sake tayar da motar, karkarwar na nan.

"To iska ce take shiga. Bar ta a kunne, ka shafa bayan injin da tafin hannu. Ka kula, sandar bonet ɗin tana zamewa."

Baffa ya jinjina kai. Lallai wannan gwani ne, ko sandar bai gani ba ya san halinta. Ya zura hannu, ƙarfe mai zafi ya lashe masa fata, ya zabura, sandar ta zame, bonet ya sauka masa a ƙeya. Keken ɗinki ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba.

Ƙarfe biyu ya wuce. Ƙarfe uku, bisa umarnin Tsohon Bakanike, kafireto mai haɗa fetur da iska yana kwance gunduwa-gunduwa a kan tabarma, wani ɗan sukuru ya gangara cikin kwata. Farar rigar da Baffa ya sa don ciniki ta koma tsumma. Ya harhaɗa abin da ya samu ya mayar, hannunsa na zogi, idanunsa jawur.

Ƙarfe huɗu dillali ya yi sallama da mai saye, maƙwabta biyu suka biyo su kallo. Baffa ya murza makulli yana murmushin yaƙe. Motar ta yi tari, ta harba wata ƙara da ta tarwatsa kajin gidan, ta fesa wa mai sayen baƙin hayaƙi a ƙafa.

"Wannan ko kyauta aka ba ni sai na yi shawara," in ji mai sayen, ya juya.

Dillali ya ce injin ya gama yawo, ko masu gwangwan sai an roƙe su.

Nan zuciya ta ɗebi Baffa. Ya ƙwala wa Auta kira, ya watsa mata makulli da takardu a gaban kowa.

"Ga tarkacen ubanki nan! Ku shaida, ba ni ba ita har abada. Ki kwashe min ita daga gani!"

"To, Baffa," ta ce, ta durƙusa ta tsince su ɗaya bayan ɗaya.

Ya fice neman maganin ƙuna yana latsa waya da hannun hagu. Auta ta jira ƙofa ta rufu. Ta ɗaga bonet, ta tokare sandar yadda mahaifinta ya koya mata tun tana goma sha biyu, ta zare wayoyi biyu na tsakiya da ta musanya wa filasta da safe, ta mayar da kowace gidanta. Gyaran kafireto kuwa aikin gobe ne, ba zai ci mata awa ɗaya ba.

A aljihun rigarta, kusa da ƙaramar sifana mai jan zare, tsohuwar wayar mahaifinta da ta sa wa sabon layi ta yi ƙara, ta duba ta ga saƙon Baffa: "Tsohon Bakanike, motar ta mutu, amma kai ka yi iya ƙoƙarinka, Allah ya saka maka daidai da abin da ka yi mini."